Ranar da Injiniya Ya Tashi Layinmu

Masu aiko mini da saƙo kuna tambaya ko Baba ya amsa, ku sassauta wa wayata. Bai amsa ba, bai kuma hana ba. Waɗanda yau suka fara karanta ni, bari in ɗora ku a hanya a taƙaice, don ba na son a riƙa tsayar da ni a tsakiyar magana.

Ina aiki a ofishin tsara gari, a wani ɗan ɗaki na ƙarshen baranda da aka rubuta wa "Hulɗa da Birane" a ƙofa. Birane ma yanzu ƙawance suke ƙullawa, kamar 'yan mata a makarantar kwana. Namu ya ƙulla da wani birni na bakin teku. Su sun iya ruwa, sun san yadda ake sa ruwan sama ya wuce ta ƙarƙashin titi bai shiga ɗakin kowa ba. Mu kuma wai mun iya inuwa, za mu koya musu dashen itatuwa masu jure zafi. An sa hannu, an ɗauki hoto, an sha lemo. Aikina shi ne in tsaya tsakanin baƙi da mutanen gari ina juya magana. Tafinta ke nan, ko da yake a katin wuyana sunan ya fi haka tsawo.

Da aka tashi fara gwaji, sai aka zaɓi layinmu. Ba ni na zaɓa ba, ruwa ne ya zaɓa, don duk damina sai ya shigo mana har tsakar gida bai yi sallama ba. Za a rufe kwatar da ta ratsa ƙofofinmu, a ɗaga titin, a yi gangara maimakon matakala, a sa fitilu, a dasa itatuwa. Amma sai mutanen layi sun yarda da bakinsu. In ba su yarda ba, aikin ya koma wata unguwa, baƙin su bi shi.

A cikin baƙin akwai Injiniya. A nan garin aka haife shi, aka tafi da shi can tun bai yi famfara ba, saboda haka Hausarsa ta tsaya inda aka ɗauke shi. Ya iya neman ruwa, ya iya kai ƙara, ya iya cewa ya ƙoshi. Sauran daga littafi ya ƙaro. Dogo ne, mai tabarau, mai tsayawa ya daɗe yana kallon kwata kamar yadda wasu ke kallon mota. Ya ce yana sona. Na duba ban ga dalilin ƙi ba, daga baya kuma na lura na fara ajiye wayata kusa da hannu.

A gida mu uku ne. Baba tsohon malamin makaranta ne, ɓarin jikinsa ya shanye, yana kan keken guragu. Tsakanin ƙofarmu da titi akwai kwata, a kanta akwai katako ɗaya, saboda haka duniyarsa ta tsaya a zaure: rediyo, littattafai, tabarau biyu, da duk wanda tsautsayi ya sa ya zauna kusa da shi. Sai Gwaggo, yayarsa, wadda ta zo zaman makokin mahaifiyata ta zauna ke nan. Gwaggo tana da nata ɗan takarar, Mai Siminti na bakin layi. Ba shi da wani laifi da na sani in ban da yawan turare.

Ranar da Injiniya ya fara zuwa gaisuwa, ya durƙusa har ƙasa ya dubi Gwaggo ya ce, "Ina wuni, Gwaggo. Kana lafiya?"

Gwaggo ba ta amsa ba sai bayan ya tafi.

"Wannan ne? Mutumin da bai san mace da namiji a baki ba?"

Baba kuwa abin da ya ce bai fi layi ɗaya ba: "Bari mu ga yadda maƙwabta za su karɓe shi." Wanda ya san Baba ya san wannan hukunci ne, ba hira ba.

To, a nan muka tsaya. Yanzu ga abin da ya faru ranar taro.

Da safe saƙon Injiniya ya shigo ina goge mayafi.

"Tafinta, kwat ko doguwar riga?"

"Doguwar riga. Kwat na masu rusau ne."

"Yau ba sai kin juya mini ba. Ni zan yi magana da kaina."

"Da wane bakin?"

"Na yi kwana da kwanaki ina haɗawa. Aikin nan na kowa ne, bai kamata su ji shi ta bakin wani ba."

"Turo in gani."

"A'a. So nake ki ji tare da kowa."

Ya ɗora hoton zuciya. Na dubi zuciyar, na ajiye wayar, na ci gaba da guga. Ku da ke karatu kun riga kun hango ramin. Ni ma na hango, amma na ɗauka ɗan ƙarami ne.

A ajin firamare aka yi taron, bayan la'asar. Manya a kan bencin yara, gwiwoyi kusa da haɓa. Maza gaba, mata baya da bakin taga. Ni na sa doguwar riga ruwan toka da mayafi fari, kayan da ba sa cewa komai, don tafinta ba a son a gan shi. Gwaggo kuwa ta ɗauko leshinta na zuwa biki, ta zauna inda kowa zai ji tsakinta. Daraktanmu ya yi bayanin ƙawancen birane har wani tsoho ya fara gyangyaɗi. Tela, shugaban ƙungiyar mazauna layi, yana gefe da abin awonsa a wuya, don daga shago ya zo.

Sai Injiniya ya miƙe. Rigar ta yi masa kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Ya yi sallama daidai, aka amsa da daɗi, har wata ta ce, "Kai, ashe ɗan gida ne." Ya gyara tabarau, ya buɗe hannuwa biyu.

"Jama'a, mun zo ne mu tashe ku."

Tsohon nan ya farka.

"Za mu tashi layin nan gaba ɗaya. Babu wanda za mu bari. Tsoho da yaro, mace da namiji, mai ƙafa da marar ƙafa, kowa zai tashi."

Na san abin da yake nufi. A harshen da ya girma da shi kalma ɗaya ce ke ɗaga titi, ta ɗaga darajar mutum. Ya buɗe ƙamus ya ɗauko ta farko da ya gani. Ƙamus bai gaya masa cewa a unguwa irin tamu, in hukuma ta ce za ta tashe ka, katifarka kake fara naɗewa ba.

Ajin ya ɗauki guna-guni. Shi kuma ya ɗauka daɗi ne, sai ya ƙara murya.

"A garinmu mun tashi unguwanni da yawa. Da farko suna tsoro kamar ku. Yanzu ba ka jin kukan kowa."

"Ina za ka ji, tunda kun kwashe su?" in ji wani daga baya.

"La'ilaha illallahu," in ji wata. "Har da guragu bai bari ba."

Darakta ya dube ni da idon da ke cewa albashinki. Na miƙe. Na ce a yi haƙuri, kuskuren harshe ne, titi za a ɗaga, ba mutane za a kora ba, babu bangon da za a taɓa. Na faɗa sau biyu, a hankali, kamar mai karanta wa yaro.

Tela ya saurara har na gama, sannan ya ce, "'Yar Malam, mun ji. Amma shi ya faɗa da bakinsa, ke kin zo kina yi masa kwaskwarima. Ni ɗinki nake yi, na san rigar da aka gyara."

"Wallahi abin da ke takarda ke nan."

"Takarda tana ofishinku. Mu a nan muke kwana."

Sai muryar Gwaggo ta taso daga bakin taga, ba da ƙarfi ba, daidai yadda za ta isa ko'ina.

"Ku ƙyale ta. Ita ai tana da inda za ta. In an tashe mu, bakin teku za a kai ta."

Aka yi dariya, irin wadda ba ta da daɗi. Wanda bai san zancenmu ba ya sani a ranar. Injiniya yana tsaye yana duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya, murmushin yana sauka a hankali. Ya matso ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Me na ce?"

"Ka kore su."

"Ni?"

"Dukansu. Ba ka bar kowa ba."

Mutane suka fara fita. Tela ya naɗe abin awonsa ya ce layi bai yarda ba, sai an sake zama, in ma za a sake.

Kafin in isa gida labari ya riga ni, ya sha ruwa, ya huta. Na tarar da Gwaggo a zaure ta cire ɗankwali tana fifita da shi, tana maimaita wa Baba jawabin da muryar Injiniya, har da buɗe hannuwa. Ta iya kwaikwayo, wannan ma ba zan ɓoye ba.

"Ga 'yar ofis nan. Shigo, a tashe mu."

"Gwaggo, kin san ba haka yake nufi ba."

"Na san me? Ni jahila ce, abin da kunnena ya ji na sani. Malam, ka dube ni nan. Mutanen Mai Siminti sun gaji da aike. Yaro ɗan layi, ya san gaisuwa, ya san wa ya mutu wa ya haihu. Wancan kuwa ko zagin sa aka yi sai an juya masa. Ka ba su rana kawai mu huta."

Baba yana gyara eriyar rediyo da hannunsa mai lafiya. Bai ɗago ba.

"Uwata," haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ce wa Injiniya ya zo gobe da hantsi."

Na shiga ɗaki na zauna bakin gado ban cire takalmi ba. Saƙonni sun taru.

"Na duba ƙamus. Ma'ana ta huɗu ce."

"Darakta bai amsa kirana ba."

"Kina fushi?"

Na rubuta, "A'a." Gaskiya ce. Abin da nake ji ya fi kama da na wanda ya ga tulu yana gangarowa daga kan katanga, ya san ba zai isa ba, sai ya tsaya yana kallo. Na ƙara, "Baba yana nemanka gobe. Kada ka haɗa jawabi."

Ya zo da farar riga mai gajeren hannu, babu tabarau, wai ya manta su a masauki. Ya taka katakon ƙofarmu a hankali, ya durƙusa a zaure. Gwaggo ta kawo kujerarta bakin ƙofar tsakar gida, ta ɗauko tsintar wake da ba ta da niyyar gamawa. Ni ina tsaye jikin bango.

"Maimaita mini abin da ka faɗa," in ji Baba.

Ya maimaita, kansa a ƙasa.

"Tashi nawa ka sani?"

"Yanzu huɗu, Baba."

"Akwai tashi daga barci. Akwai tashin farashi. Akwai tashin hankali, wanda ka yi jiya. Akwai tashin zuciya, wanda yayata ke fama da shi tun da ta gan ka. Ban ƙirga tashin kiyama ba."

Gwaggo ta yi tsaki. Injiniya bai san ko dariya ake yi a nan ba, sai ya dube ni. Na dubi silin.

"Wannan bai dame ni ba," in ji Baba. "Na koyar da yara shekaru, na ji wanda ya fi wannan. Abin da nake so in tambaye ka daban ne. Ka ce ba za ku bar kowa ba?"

"Haka ne, Baba. Shi ne tushen aikin."

"Mai ƙafa da marar ƙafa."

"Haka ne."

"To ni ina nake jiya?"

Har waken Gwaggo ya daina faɗawa cikin kwano.

"An yi taro don a gaya wa guragu za a yi musu hanya, an yi shi a ajin da ke da matakala, a ƙetaren kwata. Makahon gidan famfo bai je ba. Tsohuwar da ke bayanmu ba ta je ba. Mu da aka ce don mu ake yi, a bakin Gwaggo muka ji. Wa ya zaɓi wurin?"

Injiniya ya buɗe baki zai ɗauki laifin, na riga shi.

"Ni ce, Baba."

"Na sani. So nake in ji ko zai bar ki ki faɗa." Ya juya gare shi. "Ka yi niyyar rufa mata. An rubuta maka ladan wannan."

Kada ku ce in ji kunya. Ajin shi ne mai benci da allo, kuma kullum a can ake taro. Na wuce keken Baba da safe, na gaishe shi, na tafi shirya taron kowa da kowa. Haka abin yake, ba ni da ƙarin bayani.

Baba ya sauya tabarau, ya sa na karatu, alamar za a yanke magana.

"Ga yadda za a yi. Ranar Asabar za a sake taro, a nan ƙofar gidana, inda zan ji da kunnena. Na aika wa Tela, ya ce saboda ni zai zo. Kai za ka yi magana, da bakinka, da Hausarka. In layi ya yarda da kai, na yarda da kai. In layi ya ƙi, Yaya, ki gaya wa mutanenki su zo mu ji da me suka zo."

"Alhamdu lillahi," in ji Gwaggo.

"Baba," na ce, "ai sai in zauna da shi mu..."

"Ke kuma ba ruwanki. Ba gyara, ba juyi, ba saƙo. Tela ya ce ya san rigar da aka gyara, kuma gaskiyarsa. In mutum yana son harshe, ga layi nan cike da masu shi, ya je ya roƙa. Ki ba ni alkawari."

"Baba, kowa a layin nan haushinsa yake ji."

"Shi ya sa. Alkawari, Uwata."

Na ba shi. A gidanmu ba a rantsuwa, ana cewa "to" ne, kuma "to" ɗin da aka ce wa Baba ba ya ruɓewa.

Injiniya ya fita da fara'a, abin mamaki. A ganinsa an ba shi dama. A bakin ƙofa ya ce mini, "Kada ki damu, Tafinta. Zan nemi malami." Na bi bayansa da kallo yana gaida mutane, suna amsawa da ka. Ya tsaya shagon Tela, Tela ya ƙara wa kekensa gudu. Ya tsaya wurin mai shayi, mai shayi ya tuna yana da wanke-wanke.

A ofis Darakta ya ce in Asabar ta lalace, aikin ya tafi unguwar bayan tasha, baƙin kuma za su koma can da zama. Ya faɗa yana duban fankar sama, kamar ita ta jawo.

Washegari na makara. Na yi wanka, na sa atamfa mai ganye-ganye, ina ɗaura agogo sai na ji muryoyi a zaure. Ɗaya ta Injiniya ce. Ɗayar kuwa na daɗe ban ji ta da taushi haka ba, har sai da na tsaya na tabbatar.

Na leƙa. Yana zaune a kan tabarma ya tanƙwashe ƙafa. A gabansa akwai shayi a kofin gilashi, wanda ba a fito da shi sai baƙon kirki. Gwaggo tana kan kujerarta, ta yafa mayafi, hannu a kan gwiwa kamar malamar gaske.

"Ɗana, ai da ka zo wurina tun farko. Su waɗancan ba su da haƙuri. Bar kalmar nan ta tashi, ta yi tsauri. So kake ka ce za ku kyautata musu wurin zamansu, ko?"

"Shi ne, Gwaggo! Shi ne daidai. Kin gane."

Kin. Har ya gyara wannan.

"To ga yadda manya ke faɗa. Ka miƙe tsaye, ka dubi Tela ido cikin ido, ka nuna shi da yatsa don ya san da shi kake. Ka ce: mun zo mu gyara muku zama."

"Mun zo mu gyara muku zama."

"Da ƙarfi. Kada ka yi murmushi, murmushi na yara ne."

"Mun zo mu gyara muku zama!"

"Madalla. Sai ka ƙara da cewa: wanda bai gani ba zai gani."

Ko yaron goye a layinmu ya san wanda aka ce za a gyara wa zama, duka ya rage masa ko kotu. Injiniya ya hango ni, fuskarsa ta washe.

"Tafinta! Kin ji? Na samu malama."

Wayata tana hannuna. Kalma uku sun isa, ko ma girgiza kai sau ɗaya. Na juya wajen Baba. Yana gefe da littafi a cinya, ya ji komai tun daga farko, ya dube ni ta saman tabarau.

"Uwata," ya ce, "za ki makara. Gaishe da malamarsa ki wuce."

Na durƙusa na gaishe ta.